Hoton Baba Mai Fenti: Kwafi Ashirin, Kalanda Ɗari Biyar da Rigimar da Ta Biyo Baya a Agege

Wannan bayani ne a kan wata rigima da ta tashi tsakanin Hausawan Agege saboda hoton mutum guda, aka kuma kashe ta a zaure ba tare da an je kotu ba. Na sakaya sunayen waɗanda abin ya shafa, domin yawancinsu suna nan da ransu, masallaci ɗaya ma suke sallah. Mutum huɗu ne a tsakiyar maganar. Akwai dattijon da aka zana, wanda unguwa ke kira Baba mai fenti. Akwai tsohon yaronsa da ya yi hoton, wanda zan riƙa kira Malam tunda koyar da zane yake yi a wata makaranta. Sai babban ɗan Baba, sai wani mai maɗaba'a a Shomolu.

Mutumin da aka zana

Baba mutumin ƙasar Katsina ne. Ya sauka Ikko yana saurayi a bayan motar shanu, ya yada zango a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. Sana'arsa fentin manyan motoci. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da asuba, lokacin da motocin tumatir da albasa ke shigowa daga Arewa, ko a bakin mayankar Oko-Oba, ya san irin aikin: zaki ya danne barewa a bayan bodi, mikiya ta baje fukafukai, masallaci mai koriyar ƙubba, sannan rubutu a sama, "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Allah ya kiyaye hanya". Yana kuma rubuta allunan shagunan masu aski da masu ɗinki. Bai taɓa sa sunansa a jikin aiki ba. Direbobi ne ke gane hannunsa, wai daga yadda yake lanƙwasa jelar zaki.

Irin wannan aiki ba ya tsufa a duniya. Rana ta ci shi, ruwan Legas ya wanke, a canza wa mota bodi, ƙarshenta 'yan gwangwan su yanka ta. Da allunan bana da sitika na kwamfuta suka shigo, mai shago ya ga zai sami allonsa cikin yini guda, sai kasuwar burushi ta faɗi warwas. A ƙarshen rayuwarsa, mutumin da ya shafe shekaru barkatai yana zane ba shi da aiki ko ɗaya da za a ɗauko a ce ga hannunsa.

Wannan ne ya dami Malam. Shi haifaffen Idi-Araba ne, tun yana firamare yake wanke wa Baba burushi da kananzir. Daga baya ya shiga Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, inda marigayi Yusuf Grillo ya daɗe yana shugabantar sashen zane. A can ya koyi bugun hannu, wato sassaƙa zane a kan falle a riƙa buga shi a takarda da tawada. Bahaushe zai so ya san cewa wannan fanni a Legas yana da saiwa a Zariya: Grillo da Bruce Onobrakpeya, wanda ya fi kowa suna a bugun hannu a Nijeriya kuma ɗakin aikinsa ke Mushin, duk a kwalejin Zariya suka yi karatu, suna cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko.

Yadda aka yi hoton

Sai an fahimci aikin kafin a fahimci rigimar. Malam bai zana Baba da fenti a kan ƙyalle ba. Ya fara zana shi da fensir a zama uku ko huɗu a rumfar mai shayi, sannan ya kwashe zanen ya mayar kan wani falle na roba mai kauri da ake kira lino, dangin ledar shimfiɗar ɗaki. Da 'yan wuƙaƙen sassaƙa masu lanƙwasasshen baki ya kwarfe duk inda yake so ya fito fari, ya bar inda zai fito baƙi a tsaye. Sai a shafa tawada da rola, a ɗora takarda, a murza bayanta da cokali har tawadar ta kama. Aikin hatimi ne sak, sai dai hatimin ya kai faɗin faranti. Kuma abin da aka sassaƙa a dama, a hagu yake fitowa, saboda haka dole mai aiki ya juya zanensa tun farko. Malam ya juya. A takarda Baba ya fito riƙe da burushi a hannun dama, hula ta ɗan karkata, gwangwanin fenti a gabansa.

Ya buga guda ashirin. A ƙasan kowace takarda ya rubuta lamba da fensir, 1/20, 2/20, har zuwa 20/20, da sunan hoton da sa hannunsa. Ya ƙara guda biyu masu alamar A/P, wato kwafin gwaji da al'ada ta yarda mai aiki ya riƙe wa kansa, ya ba Baba ɗaya. Wannan lamba ta fensir ita ce jarin duka. Falle ɗaya na lino zai iya fitar da ɗaruruwa, abin da ya sa takardar ke da daraja shi ne alkawarin mai ita cewa daga ashirin ba ƙari. Babu injin da ke tabbatar da wannan alkawari, amana ce kawai.

Mai zane ya buga hoton ɗan'uwansa mai zane ba sabon abu ba ne. Anthony van Dyck, wanda aka haifa a Antwerp a 1599 ya rasu a Landan a 1641, ya shirya jerin hotunan sanannun mutanen zamaninsa, akasarinsu masu zane, aka sassaƙa a farantan tagulla. Bugun da ya fito a 1645, bayan rasuwarsa, ya ƙunshi hotuna 100, kuma da yawa daga cikin waɗancan mutane ta nan aka san kamanninsu a yau. An ci gaba da buga farantan shekara da shekaru har suka sude, shi ya sa masu saye ke rububin bugun farko. Al'adar sa lamba da hannu da fensir ta zo ne daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 19, don maganin irin wannan. Malam ya san tarihin, ya kuma ce abin da ya nufa ke nan: tunda motocin sun tafi, a bar fuskar.

Kafin ya zauna a zana shi, Baba ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce masa abin da aka fi sani a Malikiyya shi ne haramcin ya fi ƙarfi a kan sura mai inuwa, wato mutum-mutumi cikakke, ita kuwa ta kan takarda makaruhi ce, balle wadda ta tsaya iya ƙirji, ko da yake akwai malaman da suka tsananta a kan duka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana zakuna bai ja maganar ba. Abin da mai shayi ya tuna ya faɗa shi ne, "Kai dai yi aikinka, yaro, amma kada ka ƙara mini tsufa."

Ba a rubuta komai ba. Malam ya ce ya gaya wa Baba zai sayar, ya kuma kai masa alheri sau biyu daga cinikin. Mai shayi ya shaida ba da kuɗin, amma bai ji an ambaci na mene ne ba. Wani gidan baje kolin zane a Ikoyi ya karɓi hotunan, ya sayar da goma sha biyu.

Inda aka samu matsala

Baba ya rasu bayan gajeruwar jinya. Da sadakar arba'in ta matso, babban ɗan ya so a raba wani abin tunawa. Wannan ba al'adarmu ba ce ta asali, a wajen maƙwabta Yarabawa aka gani, waɗanda ke raba kalanda da littafin rubutu masu hoton mamaci a taron addu'a, kuma Hausawan da aka haifa a Ikko sun ɗauka. Akwai ma masu ganin ita kanta sadakar arba'in ɗin ba ta da tushe, amma wannan wata magana ce. Da aka bincika, babu hoton Baba na kirki a gidan sai ɗan fasfo na katin zaɓe. Sai ido ya faɗa kan takardar da ke rataye a ɗakinsa.

Ɗan ya cire ta daga firam ya kai Shomolu, cibiyar ɗab'i ta Legas, inda kusan kowane lungu ke da inji. Ɗari yake so. Mai maɗaba'a ya nuna masa cewa a babban inji kuɗin yana wajen yin faranti da saita launi ne, takarda ba ta da wani nauyi, saboda haka tsakanin ɗari da ɗari biyar bambancin kaɗan ne. Gaskiya ya faɗa, haka sana'ar take. Aka buga ɗari biyar.

Yaron da ke kan kwamfuta ya yi abubuwa uku da shi a wajensa gyara ne. Ya yanke gindin hoton a cikin kwamfuta, inda sa hannun Malam yake, don ya sami wurin jera watanni. Ya zuba shuɗi a bayan hoton. Sannan ya juya shi don fuskar ta kalli rubutun addu'a da ke gefe. Da juyawar nan burushi ya koma hannun hagu.

An raba abin da aka raba ranar sadaka, saura suka yi yawa. Ɗan kuwa yana cikin matsi. Acaɓa yake yi a ɓangaren Ikeja, kuma tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar daga 1 ga Yuni, 2022, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, ga bashin jinya. Ya ba masu tallan fasta sauran a kan sari. Cikin 'yan makonni kalandar ta bazu a tashoshin manyan motoci, domin direbobi sun san mutumin kuma suna son sa.

Direban wata mata da ta sayi lamba 7/20 a Ikoyi shi ya rataya kalandar a ɗakin maigadi. Ta gani, ta ɗauki hoto ta aika wa gidan baje kolin tana tambaya: an ce mata ashirin ne a duniya, to wannan fa? Gidan ya dakatar da sayar da ragowar takwas, ya nemi Malam ya yi bayani. Zargin da ke ƙarƙashin tambayar a fili yake, wato shi ne ya sayar da hoton ta bayan gida.

Abin da kowa ya riƙe

Malam ya ce an yi masa ɓarna uku: an buga aikinsa ba izini, an cire sunansa, an kuma zubar masa da mutunci a wajen masu saye. Na ukun ya fi yi masa ciwo, domin mai bugun hannu da aka daina yarda da lambarsa ya gama sana'a.

Ɗan ya ce fuskar ubansa ce, takardar kuma kyauta aka ba ubansa, yanzu ta zama ta magada. A zaman farko ya faɗa wa Malam a gaban mutane, "Yaya, kai ka sayar da fuskar mahaifinmu ga masu kuɗin Ikoyi, ba mu ce komai ba. Mu da muka buga don a yi masa addu'a mu ne ɓarayi?" Sai a ranar ya ji farashin kwafi guda, wanda ya fi abin da Baba ke samu a fentin mota sukutum. Daga nan maganar ta daina zama ta kalanda.

Mai maɗaba'a ya ce shi aiki aka kawo masa, ɗan mamaci ne ya kawo, wa zai tambaya kuma?

Ta fuskar doka maganar ba ta da wuya sosai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba wanda ya ƙirƙiri aikin zane haƙƙinsa tun daga ranar da ya yi shi, ba sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Mallakar takarda daban, mallakar ikon buga ta daban. Wanda aka ba kwafi ko ya saya yana iya rataye shi, ya sayar, ya bayar, amma ba ya iya kai shi inji, kuma sallama wannan iko gaba ɗaya sai a rubuce. Dokar ta kuma ba mai aiki damar a ambaci sunansa da damar ƙin a jirkita aikin ta yadda zai taɓa mutuncinsa. Akwai sassauci ga wanda ya sa aka zana shi don amfanin gidansa, yana iya amfani da hoton ba don kasuwanci ba, yana kuma iya hana a baza shi. Amma Baba bai sa a zana shi ba, roƙonsa aka yi ya zauna. Da an je Babbar Kotun Tarayya, wadda ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, ina ganin Malam ne zai yi nasara.

Sai dai nasarar ba za ta amfane shi da komai ba. Ɗan ba shi da abin biya. Kuma yaron da Baba ya koya wa riƙon burushi ya maka marayun Baba a kotu, to ya gama zama a Agege. A nan nake ganin Malam ma yana da nasa laifin, ko da doka ba ta kama shi ba. Ya san darajar abin da ya yi, Baba bai sani ba, iyalinsa ba su sani ba. Ya ba da takardar a matsayin kyauta bai ce wa kowa ga abin da A/P ke nufi ba, bai kira ɗan ya shaida kuɗin da yake kaiwa ba. Ilimin yana hannun mutum ɗaya, shi kuwa ya yi shiru saboda kunya irin tamu ta yin maganar kuɗi da babba.

Zaman sulhu

Dattawan unguwa da liman suka zauna sau biyu. Abin da ya fara juya zaman ba doka ba ce. Malam ya shimfiɗa kwafinsa na gwaji kusa da kalandar, ya miƙa wa dattawa gilashin ƙara girma. A nasa, tawadar ta zauna a kan takarda da ɗan tudu, ana jin ta da yatsa, bayan takardar kuma ga sawun cokali. A kalandar, baƙin ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige na launi huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, yadda babban inji ke haɗa kowane hoto. Kowa ya ga ba abu ɗaya ba ne. Wannan gwaji shi aka ɗauka a bidiyo aka aika Ikoyi, kuma shi ya wanke Malam daga zargi.

Sannan wani tsohon direba ya lura da hannun. Ya ce shekara nawa yana kallon Baba yana rubuta Bismillah a goshin mota, bai taɓa ganin burushi a hagunsa ba. Zauren ya ɗauki salati. Ɗan da ya zo da shirin faɗa ya rasa ta cewa, domin shi kansa bai lura ba, ga shi ya raba wa duniya ubansa bahago. Bayanin da Malam ya yi ta yi a kan jirkita aiki bai shiga kunnen kowa ba sai da aka ga hannun nan.

Aka tsaya a kan haka. Za a karɓo kalandar da ta rage a hannun masu talla. Mai maɗaba'a zai miƙa farantan, ya goge hoton daga kwamfutarsa, ya kuma buga wa iyalin sabuwa guda ɗari a kan kuɗin takarda kawai, hoton a daidai, da sunan Malam a ƙasa da rubutun "ba na sayarwa ba ne". Ya yi gunaguni, amma ya yarda da aka tuna masa cewa a doka wanda ya buga ma yana da nasa alhakin. Malam ya yafe kuɗin da ɗan ya riga ya ci, ya kuma ɗauki alkawarin ba iyalin kashi ɗaya cikin uku na abin da zai samu daga ragowar takwas. A gaban shaidu ya ɗauki wuƙa ya ja layi biyu a gicciye a kan fallen lino, ya buga guda ɗaya da tabon a jiki don shaida cewa ba za a ƙara ba. Duk aka rubuta a takarda da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu.

Liman ya raba wata gardama da ta kunno kai nan take. Ya ce kason da Malam zai bayar ba gado ba ne, tunda Baba bai mallake shi ba ranar da ya rasu, kyauta ce, mai ita ke faɗin yadda za a raba. Malam ya ce a fara da bashin jinya. Ita kuwa takardar A/P gado ce. Aka nemi gidan baje kolin ya yi mata kuɗi, suka rage mata daraja saboda lanƙwasar da ta samu a hanyar Shomolu da tabon salatif a kusurwa biyu. Matar marigayin ta ce a lissafa ta cikin tumuninta, aka yi haka.

Abin da sulhun bai rufe ba

Matar Ikoyi ta riƙe kwafinta. Gidan baje kolin ya ci gaba da sayarwa, amma ya kafa wa Malam sharaɗi cewa duk hoton mutum da zai kawo nan gaba sai da takardar yardar mai fuskar ko magadansa. Yanzu yana aikin hotunan wasu tsofaffin masu fenti biyu, ɗaya a Alaba Rago ɗaya a Ijora, kuma kafin ya fere fensir sai ya tara 'ya'yansu ya karanta musu adadin kwafi da kason kowa. Ɗaya daga cikin iyalan ya ƙi, ya haƙura da wannan.

Kalandar da aka riga aka saya ba ta dawo ba, ta bi motoci zuwa Arewa. Hoton da aka juya shi ne kuma ke yawo a WhatsApp na ƙungiyoyin direbobi, ba sunan kowa a jiki. Kwanan baya wani mai sitika ya kwafe shi daga waya yana sayar wa masu tirela, mutumin da ba ya cikin zaman kuma bai sa hannu a komai ba. Ɗan yana so a bi shi, a wannan karon shi ne mai zafin. Malam ya ce sai ya ga ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya za ta karɓi ƙorafi a kan abu ƙarami haka, dattawa kuma sun ce a bari a gano unguwar da mai sitikar yake tukuna, a aika wa nasa manyan.